Rabin Filin Tanis na Kawu Haruna

Duk wanda ya taɓa shan shayi a wurin Kawu Haruna a nan Gadarif ya san ba a zuba sukari lafiya. Kana cika cokali zai cafke maka hannu: "A hankali, ya zol, bawan Allah! Siminti kake sha." Komai na duniya da siminti yake auna shi. Ranar da maƙwabcinmu ya yanka rago don suna, Kawu ya ci nama har ya sassauta tazuge, sannan ya rafka tagumi ya ce, "Kaico, an cinye kusurwa guda."

Yayan mahaifiyata ne, malamin makaranta a Hartum har ya yi ritaya. Yana da aboki guda, Ustaz Babikir, wanda tun suna samari suke buga tanis bayan la'asar a filin makarantarsu. Kullum Babikir ke cin sa, kullum Kawu ya ce filin ne karkatacce. Da yaƙi ya ɓarke a 2023, mutane na ta neman takardu da zinariya, Kawu kuwa ya fito rungume da madrab, abin nan mai raga da ake bugun ƙwallon da shi. Maganin hawan jininsa ma a kan tebur ya baro shi. Babikir ya ƙi tafiya, ya ce zai tsare gidansa, zai biyo su daga baya.

Kawu da matarsa Inna Zahra suka sauka bayan gidanmu, a filin gadon kakanmu, inda babu komai sai guttiya ɗaya, wato bukka, mai tsohuwar jinka. Da Kawu ya kira Usta Idris magini, Inna Zahra har guɗa ta yi, a zatonta ɗaki za a tayar. Sai muka ji abin da ake aunawa: filin tanis.

Usta Idris ya yi dariya har ya dafa bango, da ya ga da gaske ne ya nutsu ya yi bayani. Ƙasar Gadarif baƙar laka ce, da damina ta kumbura, da rani ta tsage. Sai an haƙa an kwashe ta, a jibga dutse, a bi da tsakuwa da ƙarfe, kafin a zo kan siminti. Ga wayar kewaye, ga fenti, ga ladan lebura. "Ya Ustaz, abin da zai ci ya isa ka gina gidan da za ka aurar da jikoki a ciki."

Kawu ya nemi ruwa ya sha. Ya ce, "To, rabi fa?"

"Rabin me?"

"Rabin filin mana! Ni zan biya kuɗin wurin da wani zai tsaya ya ci ni? Kalas, shi ke nan, ka gina mini nawa. Babikir in ya zo ya gina nasa."

Wallahi haka aka yi. Ya sayar da agogonsa da rigunansa na zuwa ɗaurin aure. Lokacin yankan riɗi ya bi motar jangu, masu ƙwadagon gona, har Simsim, tsoho da furfura, wai shi ma zai yi yanka. Ya dawo a dunƙule, ba ya iya miƙe baya, amma yana washe baki a kan tulin tsakuwar da ya roƙi direba ya ɗebo masa a maimakon lada. Haƙan laka kuwa ya ce almubazzaranci ne, ƙasar ubansa ba za ta ci amanarsa ba. Raga ma ba a saya ba. Buhunan albasa aka farke, Inna Zahra ta ɗinke su tana tsine wa wanda ya ƙirƙiro tanis tun daga kakanninsa.

"Haruna, ruwa na zuba mana a gado, kai kana yi wa ƙwallo shimfiɗa?"

"Matsar da gadon, ya Hajja. Gado yana da ƙafa."

Kun dai gan shi da idonku bayan la'asar: farin wando iya gwiwa, ƙafafu kamar karan dawa, ya buga ƙwallo ta haye raga ta faɗa cikin lakar ɓangaren Babikir. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Bai mayar ba, na ci!" Ya zagaya ya ɗauko ta, ya dawo ya sake. Mu muna leƙe ta katanga muna riƙe ciki. Bai taɓa cin wasa a rayuwarsa ba sai a lokacin, kuma ban taɓa ganin mai nasara da fuska irin tasa ba.

Damina ta zo ta wuce, lakar ta yi abin da Usta Idris ya faɗa. Simintin ya dare tun daga raga har baya, tsagar da ɗan akuya ya zurma ƙafa a ciki sai da muka zaro shi. Na ce masa, "Kawu, ai ga ladan ƙin haƙa." Ya harare ni. "Kai me ka sani? Ɓangaren Babikir ne ke jan nawa. Mutumin nan ko ba ya nan sai ya cuce ni." Aka sake daina zuba sukari a shayi, aka sake cike tsaga, ta sake darewa.

Dariyar ta fara ƙare mana ne da dangi suka kwararo daga Madani, mata da yara, babu wurin sa haƙarƙari. Kowa ya dubi rabin nan da ke zaune fayau, ciyawa na fitowa a kai. Mahaifiyata ta same shi da lallami: "Yaya, bari a kafa musu rakuba a can, rumfar kara ce kawai, in Ustaz ya zo a cire."

"Ba nawa ba ne, balle in bayar."

"Filin ubanmu ne fa!"

"Na riga na ba shi. Ya zo ya tarar da yara sun yi masa fitsari a layi, in ce masa me?"

Na ji haushinsa ranar, ba zan ɓoye ba, har na daina gaishe shi. Amma sai ya kwashe tabarmarsa ya bar musu guttiyar, ya koma kwana a gindin katanga ƙarƙashin leda. Can sauro ya same shi yadda yake so.

Kullum bayan sallar magariba yakan zaro waya ya kira lambar Babikir, ta ce masa a kashe take. Sai ya mayar aljihu yana tsaki: "Ka gani? Ya ji labarin tsadar siminti ne ya ɓuya." Da farko mukan yi dariya. Daga baya in ya faɗa, kowa sai ya dubi ƙasa, domin mun ga yadda mutanen Hartum ke isowa, mun kuma san akwai waɗanda ba za su iso ba.

Zazzaɓi ya kwantar da shi ƙarshen daminar da ta biyo, bai tashi ba. Bayan an share makoki na ɗauki wayarsa na ce wa Inna Zahra bari in ci gaba da gwada lambar, ya kamata Ustaz Babikir ya sani. Sai ta ce:

"Wa za ka faɗa wa, ɗana? Tun makon da muka sauka 'yarsa ta kira. A tsakar gidansa suka binne shi, hanyar maƙabarta ba ta biyuwa. Ni na karɓi wayar daga hannun kawunka da ta suɓuce masa. Washegari ya aika a kira magini."

Duk sukarin nan, da agogon, da bayan da ya karye a Simsim, da kwanan waje, ashe ya sani. Ita ma da ta ɗinka ragar tana zagi ta sani. Na ce, cikin sanyin jiki, to yanzu sai a kafa wa mutanen Madani rakubarsu a wancan rabin.

Ta ce, "Ku kafa a kan simintinsa, ya fi tsabta. Wancan ba namu ba ne."

Allah ka jiƙan Kawu Haruna, ka jiƙan Ustaz Babikir, ka haɗa su a wurin da babu wanda zai jira wani. Mu da muka rage, Allah ka ba mu haƙuri, ka mai da kowa gidansa.