Ba Su da Hotonsa Ko Ɗaya

Jiya shugabar makarantarmu a Dubai ta nemi in kawo hoton marigayi Malam, wai za a tuna da shi. Raina ya ɓaci. Dattijon nan ya tsufa yana koyar da lissafi, amma duk ranar ɗaukar hoton malamai, mu biyu baƙaƙen fata ake turawa mu kula da motocin ɗalibai.

Wata shekara muna tsaye cikin rana, gumi ya jiƙa hularsa, na fara masifa. Ya miƙo min dabino ya ce, "Ci, ɗana. Yaran sun san fuskarmu."

Sai yanzu suke neman fuskarsa? Wallahi ba zan bayar ba. Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya tsayar da kai a sahun gaba.