Taswirar da Aka Ƙunshe Kifi da Ita

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, na biya kasuwar Sabon Gari in saya wa maiɗakina busasshen kifi. Mai kifin ta yago takarda ta ƙunshe mini. Sai da na kai bakin titi na lura da wani shuɗin layi a jikin takardar. Na warware ƙunshin, na ga rubutun hannuna.

Ina saurayi na kama aikin safiyo a wani ofis a Samaru. Aka tura mu wani daji can arewa, inda ko hanyar mota babu, mu zana taswirarsa. Da ƙafa muka bi kowane rafi, tun daga inda ya ɓuɓɓugo har inda ya faɗa babban kogi. Muka auna tudu da kwari, muka tambayi makiyaya sunan kowace fadama. Zazzaɓi ya kwantar da mu ɗaya bayan ɗaya. Wani abokin aikina ruwa ya ja shi a mashigi, da ƙyar muka fizgo shi, kuma tun daga ranar kunnensa ɗaya bai ƙara ji ba.

Na koma wurin mai kifin.

“Baiwar Allah, ina kika samo wannan?”

“A buhu ake kawo mana daga Samaru, Baba. Ba ta saurin yagewa.”

Washegari na je tsohon ofishinmu. Matashin da ke riƙe da wurin yanzu ya ba ni kujera, ya ce sun share ɗakin ajiya ne don ana son wurin sa janareta.

“Ai yanzu tauraron ɗan'adam ke wannan aiki, Baba.”

“Kun kwafe taswirorin a kwamfuta kafin ku zubar?”

“Ba a kai ga haka ba.”

Ya faɗa ko a jikinsa! Dajin nan yau 'yan bindiga sun mamaye shi, makiyayan da suka ba mu sunayen sun watse. Wa za a sake tambaya? Na tashi ban yi masa sallama ba.

Mai kifin ta tattara mini abin da ya saura, duk ya sha mai, rabin kogin babu. Abokin aikin nan nawa yana nan da rai a Palladan. Har yau na kasa faɗa masa.