Sifikar da ta fi rago nauyi

Jama'a, yau saura kaɗan in rasa Alhaji Bubakar na Tenhya, shi da duk makiyayan da yake turo mini shago!

Dillalin dabbobi ne, ya gyara falo, ya sa babbar tele, yana neman dogayen sifika na tsaye guda biyu. Ya ɗaga tawa kamar mai taya rago, ya ajiye.

Ya ce, "Malam Sani, wannan ramammiya ce. Wani ya ba ni wata gwaji, tana cikin mota, da ƙyar mutum biyu suka ɗauka."

Na ce, "Alhaji, sifika ba tunkiya ba ce. A shigo da ita!"

Aka shigo da ita ana nishi. Na jera su, na ɗora ƙoƙon gero a kan kowace, na kunna kiɗa. A kan tawa gero ya hau rawa har yana zuba. A kan tasa ko motsi, sai ƙara kamar gwangwani!

Ya ce, "To nauyin fa?"

Na ce, "Ba inda za ka sai mun ga cikinta."

Na kwance bayanta. Jama'a, bulon siminti! An ɗaure shi da waya, ga 'yar sifikar rediyo a sama.

Alhaji ya riƙe baki. "Ni da nake gane ragon da aka ɗura wa ruwa ranar kasuwa!"

Ya ɗauki nawa guda biyu. Asarata ƙoƙon gero ɗaya, kajin maƙwabta sun tsince.