Kwana tara ina taka wa Baba birki

Shekarun baya, a shekarar da sojoji suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, na sami gurbin karatu a jami'a a Zariya. Mahaifiyata ta shiga haɗa min 'yar tukunya da zannuwan gado. Mahaifina kuwa ya fita ƙofar gidanmu a Dukawuya, ya yaye tamfol daga kan motarsa, ya ce shi zai kai ni da kansa.

Motar ja ce, ƙofa biyu, kujera biyu, ta yi ƙasa kamar wadda ta durƙusa gaisuwa. Wurin wani Bature ya saye ta tun ba a haife ni ba, kuma a lokacin ta shekara uku ba ta motsa ba. Mahaifiyata ta tambaye shi ko katifar tawa a kansa zai ɗora. Ya ce katifa ta bi motar haya, amma uwarsa shi zai tuƙa ta. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kirana da wani suna ba sai "Uwata".

Baba ya daɗe yana koyar da gyaran mota a makarantar koyon sana'a kafin ya yi ritaya. Ya tayar da injin, ya saurara, ya ce lafiyarsa ƙalau. Birkin gaba ne bai yarda da shi ba a kan hanyar Zariya. Ya tafi Ƙofar Ruwa ya dawo da wasu ƙarafa biyu masu nauyi a buhu. Ya ce sunansu kalifa, su ne ke damƙe faifan taya idan an taka birki, kuma waɗannan sun fi na motar girma da ƙarfin riƙo. Mahaifiyata ta ce ya kira amininsa bakanike ya kama masa. Ya ce ko kusa, hannunsa bai mutu ba tukuna. Kwana biyu ya yi yana ɗaura su shi kaɗai.

Daga nan aka zo kan aikin da ba ya yiwuwa sai da mutum biyu, wato fitar da iskar da ta shiga cikin man birki. Ɗaya zai zauna a kujerar direba yana taka birki, ɗaya yana durƙushe a gindin taya yana kwance wani ɗan noti don iskar ta fita. Ni aka zaunar a kujerar.

"Taka, Uwata. Taka. Riƙe! Kada ki ɗaga. To, saki."

Haka muka yi ta yi kowace hantsi da bayan la'asar. In an dace, abin takawar zai yi tauri a ƙarƙashin ƙafa. Namu kuwa kullum laushi yake kamar an taka danƙo, ya nutse har ƙasa.

Ni na ɗauka laifina ne. A lokacin ni mai yawan tafiya ce a zaune. Ina da wani littafi da nake cika shi da waƙoƙin da ba wanda ya roƙa. Sai in kafa ido a kan tattabarun soron maƙwabta ina neman kalmar da za ta dace da "shuɗi", Baba ya ce riƙe, ni kuma in saki. Ban gaya masa ba. Na dai riƙa cizon leɓe ina tattara hankalina, amma birki ya ƙi. Bai taɓa yi min faɗa ba. Sai dai ya goge hannu ya ce gobe ma rana ce, ranar tafiya kuma tana ta matsowa.

A kwana na tara mahaifiyata ta aika aka kira aminin nasa ba da saninsa ba. Babarbare ne, tare suka yi makaranta, Baba kuma asalinsa Bafulatani, don haka ba sa haɗuwa sai da tsiya. Tun daga bakin lungu ya fara.

"Ina Bafillacen nan? An ce ka bar tatsar nagge ka koma tatsar mota."

Baba ya ce ai gara shi, Babarbare in ba a nuna masa gaban mota ba ta baya zai shiga. Suka yi dariya. Aminin ya durƙusa ya leƙa bayan tayar dama, ya zagaya ya leƙa ta hagu. Tun da nake ban taɓa ganin mutumin nan ya sami abin tsokanar Baba ya bari ya wuce ba. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ya ce iska ce kawai mai taurin kai.

Da Baba ya shiga gida yin alwala, aminin nasa ya kira ni ya nuna min ɗan notin. Ƙasa yake kallo, a duka tayoyin biyu. Ya ce iska sama take hawa, don haka dole notin ya zauna a sama; Baba ya sa na dama a hagu, na hagu a dama, ko shekara za mu yi muna takawa iskar ba za ta fita ba. Har harafin da ke nuna ɓangaren kowanne ga shi nan a jikin ƙarfen.

"Shi ya koya min wannan, 'yata. Ɗalibin da ya yi haka, korarsa yake daga aji." Ya dube ni. "Tun yaushe idon nasa?"

Amsar ta zo min gaba ɗaya. Shayin da yake zubawa a gefen kofi. Baƙon da ba ya ambatar sunansa sai ya yi magana. Yadda ya daina karanta jarida ya ce ƙarya ta yi yawa a cikinta. Duk a gabana aka yi, ina can ina kallon tattabaru.

Washegari Baba ya tafi ta'aziyya Gwale. Aminin nasa ya zo ya musanya ƙarafan, na taka masa, kafin a ɗauki wani lokaci birki ya yi tauri kamar dutse. Muka yi shawara a ce iskar ce ta gaji ta fita.

Da Baba ya dawo na tare shi da albishir. Ya tattare babbar rigarsa ya durƙusa a gindin taya. Bai ma leƙa ba, hannu ya zura yana lalube har yatsansa ya sauka a kan notin a sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya shiga motar, ya taka birkin sau uku.

"Ya kama," in ji shi. Ya zare makullin ya ajiye a tafin hannuna. "Kai wa babarki ta adana. Mota ta gyaru, Uwata. Direban ne ba zan ɗora ki a kansa ba."

A motar haya muka tafi Zariya, yana zaune kusa da ni a baya, katifata a ɗaure a sama. Bai yi magana ba sai sau ɗaya, da direba ya tsaya a wani ƙauye: ya karkata kunne ya ce a hankali birkin gaban motar nan ya cinye. Bayan nan ne ya yarda aka kai shi asibiti. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Kafin in gama jami'a hasken ya ɗauke duka.

Har yau ban san ko alheri muka yi masa ba. Da mun bar ƙarafan yadda suke, da ya ci gaba da zargin iska, ya tafi da mutuncin hannunsa. Amma da sai wata rana ya hau titi. Abin da na sani shi ne, na yi kwana tara ina tuhumar ƙafata, ban taɓa ɗaga kai na kalli fuskar wanda ke durƙushe a gabana ba. Mutum yakan shagala da ƙaramin laifinsa har ya kasa ganin babbar damuwar na kusa da shi.

Motar tana nan a ƙarƙashin tamfol, bai yarda a sayar ba. Duk sanda na je gida, bayan gaisuwa sai ya ce in je in taka masa birkin. Nakan karɓi makulli, in shiga, in taka. Tuni ya koma nutsewa har ƙasa. Nakan ɗan zauna in riƙe, in saki, sannan in koma in ce masa, "Ya kama, Baba."

Sai ya gyaɗa kai. Bai taɓa cewa in kai hannunsa ya taɓa ba.