Inna Mai Waina da Hannunta na Hagu

Shekarata uku ina aiki a wani asibiti a Suleja, amma babu wanda ya iya faɗin sunan aikina daidai. Masu gadi Sista suke ce min, marasa lafiya kuma mai gashin ƙashi. A takarda, okupeshonal terafi ake kiransa. In an tambaye ni da Hausa sai in ce: duk wanda ciwo ko haɗari ya raba shi da ayyukansa na kullum, cin abinci, wanka, sa riga, sana'a, ni ce mai koya masa yadda zai koma musu. Da kawuna ya ji haka sai ya ce, "Wato duk zaman da kika yi a jami'a, koyar da riƙe cokali kika karanto?" Na ce, "Eh, Kawu." Ban ga abin kunya a ciki ba.

Da daminar shekara ta ukun aka turo min wata dattijuwa daga Maje, mai tuyar waina a bakin titi. Hawan jini ya shanye mata ɓarin dama. Ƙafar ta ɗan dawo, hannun kuwa yana kwance a cinyarta ba ya ko motsi. Ɗanta ne ya kawo ta, ma'aikaci ne a Abuja, sai duba agogo yake yi.

"Madam, ina injin da za a sa mata?"

Na ce babu inji a ɗakina. Na jawo kujera kusa da ita. "Inna, me kike so ki iya yi da kanki?"

Shi ya amsa. "Ai ba ta rasa komai ba. Matata tana ba ta abinci a baki, tana yi mata wanka."

"Yallaɓai, ita na tambaya."

Ta ɗago kai ta dube ni. Bakinta ya karkace, kalmomin da ƙyar suke fita. "'Yata, in ɗaura zanina. In shiga bayi in rufe ƙofa."

Daga nan muka fara. Na sa tela ya ɗinka wa zaninta igiya mai maɗauki, muka yi sati biyu tana ja da hagu tana dannewa da gwiwar hannu. Zanin ya faɗi ya fi sau goma, tana tsaki, ina ɗauka ina miƙa mata. Na naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke don ya cika mata hannu, na zuba shinkafa a kwano mai nauyi wanda ba ya gudu.

A kan cokalin aka yi rigimar. Ɗan ya shigo ya tarar tana kai loma da hagu.

"Uwata ba za ta ci abinci da hagu ba! Mu ba a haka aka rene mu ba."

Na ce, "Hannun daman ba zai ɗaga cokali bana ba, wataƙila har abada. Ko ta ci da hagu, ko ta zauna tana jiran wani ya gama aikinsa ya zo ya ɗura mata. Ka je ka tambayi limamin unguwarku ko addini ya hana mai lalura."

Ya ce ba ni da ladabi. Ya ɗauke ta, sati uku ban ƙara ganinsu ba. Babban likitanmu ya kira ni ya ce in riƙa sassauta harshe. Na ce na ji. Ranar Asabar na hau acaɓa na nufi Maje, cikin taɓo, ina tambayar gidan mai waina, har aka nuna min wani tsohon gida da sababbin gine-gine suka kusa rufe shi.

Surukarta ce ta buɗe min. Sai ta yi dariya ta ce, "Anti, shigo ki gani." Ashe da maigidan ya fita da sassafe, sai ta ajiye wa Inna kwano da cokalin nan ta ba ta wuri. Ta ce liman ma an tambaye shi, ya ce babu laifi; girman kai ne kawai ya hana mijinta dawowa wurina. A ranar na auna bayinsu, muka samu mai walda ya kafa ƙarfen dafawa a bango, aka sauko da sakatar ƙofa daidai hannunta.

Hannun dama bai dawo ba. Bakin titi ma ba ta koma ba. Amma kafin azumi ta kafa tandarta a ƙofar gida, surukar tana haɗa ƙullu, ita tana zubawa tana juyawa da hagu. Ta ƙone a yatsa sau biyu, ba ta daina ba. Ɗanta bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban nema ba.

Bayan wannan wata sakandaren 'yan mata ta gayyace ni ranar ba ɗalibai shawara kan aikin da za su zaɓa. Likita ya yi magana, lauya ta yi, jami'in kwastan ya yi. Ni aka bari ƙarshe, aka ce minti biyar gare ni. Malamin da ke gabatarwa ya ce, "Ga kuma wata hanya ga waɗanda makinsu bai kai na likitanci ba."

Na karɓi makirufo na ce, "Malam, makina ya kai. Zaɓa na yi."

Na ce kowace yarinya ta zauna a kan hannunta na dama, ta kwance igiyar takalminta ta ɗaure da ɗayan. Aka yi ta dariya, sannan dariyar ta ragu, don babu wadda ta iya. Na gaya musu akwai masu wayar gari a haka kullum, a unguwanninsu. Na ce wadda take son wannan aikin ta riƙe darussan kimiyya da kyau, ta bincika makarantun da ke koyar da shi tun da wuri, don ba su da yawa. Albashin ba zai burge kowa ba, kuma za ta tsufa tana yi wa dangi bayanin aikinta. Kowane aiki suka sa a rai, su fara zuwa su wuni da mai yin sa, su ga ƙazantarsa da gajiyarsa kafin su cika fom.

Malamin ya fara nuna min agogo. Wata yarinya daga kujerun baya ta ɗaga hannu. "Anti, to in ba su warke ba fa?"

"Da yawa ba sa warkewa," na ce. "Amma za su tashi gobe, kuma dole su sa riga."

Wasu hannuwa huɗu suka tashi. Aka kaɗa ƙararrawa, na yi kamar ban ji ba, na amsa su ɗaya bayan ɗaya.