Wandon Luba

Duk wanda ya zauna a ƙauyukan da ke tsakanin Lausu da Rurum ya san ɗinkin Luba matar Isyaku, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. 'Yar Kibiya ce, aure ya kawo ta, ta zo da keken ɗinki na ƙafa a cikin kayan ɗakinta. Ba ta da surutu, ba ta fita sai da dalili, amma in ta kama maka riga da ta yage, sai ka nemi wurin ka rasa. Isyaku noma yake yi da damina, da rani ya hau babur yana jigilar mutane zuwa Rano. 'Ya'yansu uku ne suka tsaya: Afra'u, sai Shamsuddeen, sai auta Ummi. Akwai biyu da suka koma tun suna goye, ba a cika zancensu ba.

Shamsu yana ƙarami aka kai shi asibiti a Rano, hannuwa da ƙafafu sun kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Aka ɗebi jini, likita ya ce sikila ce. Ya ce a kiyaye masa sanyi da ƙishirwa da duk wata wahala. A hanyar dawowa Isyaku ya yanke magana yana tuƙi, ko waiwayowa bai yi ba.

"Zancen nan daga ni sai ke, Luba. Muna da 'ya mace. In gari ya ji a jininmu yake, wa zai zo nemanta? Kowa ya tambaya ki ce ciwon shawara ne."

"To, Malam."

Kada wani ya yi saurin zagin Isyaku. Da idonsa ya ga gidan da 'yan mata suka tsufa a gaban iyayensu saboda wannan kalma ɗaya. Shi kansa Shamsu, tun da ya fara wayo aka ja masa kunne: ko wa ya tambaye ka, ba ka da komai. Yaron kuwa akwai jin magana, har ya yi yawa.

Da ya shiga firamare sai ya haɗu da Lallashi. Wani faffaɗan katako ne da ya ɓalle daga benci, Malam Murtala mai kula da ladabi ya goge shi, ya fere masa mariƙi, yara suka raɗa masa suna. Kullum da safe yana bakin ƙofa da shi a hammata. Wanda ya makara ya sunkuya ya kama yatsun ƙafarsa, a sauke masa a mazaunai. Malam Murtala ba mugu ba ne irin na tatsuniya. Da aljihunsa yake sayen alli, shi ke jan yara sallar Azahar, kuma haka aka dake shi har ya zama malami. Iyaye ma godiya suke yi masa, wasu har cewa suke ya ƙara.

Matsalar ita ce damina. Duk ranar da aka tashi da ruwa, Luba ba ta barin Shamsu ya leƙa waje sai an ɗauke, rana ta ɗan fito. Ko ya yi kuka ba ta sakinsa. Sai ya isa a makare, Lallashi ya karɓe shi. Ranar da ya dawo ya kasa zama, ya kwanta rub da ciki har ciwon ya tashi ya kwantar da shi mako guda, Luba ta sami mijinta.

"Malam, ka je ka yi wa malamin nan magana."

"In ce masa me? Ya daina dukan ɗana don ya fi 'ya'yan kowa? Zai tambaye ni dalili."

Ta san ba za a faɗi dalilin ba. Abin da baki ya kasa, sai ta kai shi gaban keke. Yara sun saba cusa kwali a wando, amma kwali yana da ƙara, bugu ɗaya malami ya gane. Ita kuwa ta farke matashin kanta, ta ɗebi audugar rimi, ta shimfiɗa ta tsakanin ƙyalle biyu, ta bi ta da ɗinki ƙanana ƙanana har ta kwanta lumui, sannan ta ɗinke ta a cikin wandon makaranta. Wallahi ko a hannu ka riƙe, sai ka matsa za ka sani.

"In ya buga ka yi ihu," ta ce da shi, "kamar da gaske."

"To, Umma."

Damina guda wandon nan ya yi aiki. Luba ta sami barci, har ta ɗan yi ƙiba.

Sai wata rana maƙwabciyarta Jumai ta shigo aron turmi, ta ture wandon a kan igiyar shanya, ta ji nauyinsa. Ta matsa, ta kwashe da dariya.

"Kai, Luba, ashe ke 'yar duniya ce! To, ni ma a yi wa nawa."

Yaya za ta yi? In ta hana, Jumai za ta ce me ya sa sai naki kaɗai, tambayar da Luba ta fi tsoro a duniya ke nan. Ta ɗinka. Daga Jumai sai ƙanwar Jumai, daga nan sai unguwa. Kafin wata damina, rabin layin masu makara wandon Luba ne a jikinsu. Kuma ba kowace uwa ce ta koya wa ɗanta ihu ba.

Ranar wata Litinin, ana yayyafi, Malam Murtala ya sauke Lallashi a kan wani ɗan aji biyu, yaron ya miƙe yana murmushi. Malam ya janyo shi, ya shafa, ya sa reza ya farke. Audugar rimi ta tashi, ta manne masa a gemu da hula, makaranta gaba ɗaya ta fashe da dariya, har da malamai mata. Mutum ne da bai taɓa jin an yi masa dariya a wurin nan ba. Ya tambaya wa ya ɗinka. Yatsu suka nuna Shamsu.

Dokar makarantar ita ce wanda aka kama da kwali a ninka masa. Aka tuɓe wa masu ɗinkin Luba wandunansu, aka bar su da kamfai, kowa ya karɓi ninkinsa. Da aka zo kan ɗan mai ɗinki, Malam bai tsaya ƙirgawa ba. Da ya gaji ya ce Shamsu ya je tsakar fili ya durƙusa, hannu sama, har a tashi. Yayyafin bai ɗauke ba. Shamsu ya san kalmar da in ya faɗa za a ce ya tashi, yana da ita a bakinsa. Amma an ce masa ba shi da komai, kuma shi yaro ne mai jin magana.

Ya dawo gida da wandon a hannu. Kafin La'asar ƙirji ya riƙe, numfashi sai da ƙyar. Isyaku ya tada babur, Luba ta rungume yaron a tsakaninsu cikin caɓi har Rano. An yi ƙoƙari, an ƙara masa jini, amma bai kai Juma'a ba.

Malam Murtala ya zo ta'aziyya, fuska duk ta zabge. Luba tana cikin gida, jingine da katangar zaure, tana jin muryarsa.

"Malam Isyaku, me ya same shi? Don ranar Litinin na..."

"Zazzaɓi ne mai zafi, Malam. Kwana ne ya ƙare. Allah ya saka da alheri."

Ta ji ajiyar zuciyar da malamin ya yi, doguwa, irin ta wanda aka sauke wa kaya. Ba ta taɓa tsanar wani abu kamar wannan ajiyar zuciyar ba, kuma ta san da hannunta a ciki. Sati na zagayowa Lallashi ya koma bakin ƙofa. Ita kuwa ta rufe kekenta da tsohon zane, ta daina karɓar ɗinki.

Shekara ta juyo. Dangin wani yaro mai suna Bello suka kawo goron neman Afra'u, aka ce sai bayan kaka a sa rana. A daidai lokacin Ummi ta isa shiga aji ɗaya. Idanunta ruwan ɗorawa ne kamar na yayanta, kuma tun tana goye asibiti suka faɗa musu ita ma haka take.

"Ki buɗe keken nan ki yi mata irin nasa," in ji Isyaku. "Amma wannan karon kada ki shanya a tsakar gida. Mu dai lallaɓa a ɗaura auren nan."

"Mata a tafin hannu ake dukansu, Malam. Me zan ɗinka wa tafin hannu?"

Ya tura babur ya fita.

Da safe aka tashi da ruwa. Luba ta jira ya ɗauke, ta sa hijabi, ta kama hannun Ummi. Tun da aure ya kawo ta garin ba ta taɓa taka makarantar ba. A bakin ƙofa masu makara sun yi layi, 'yan talla da masu awara suna zaune a gefe, ga Malam Murtala da katakonsa a hammata. Ta gaishe shi, ya amsa bai gane ta ba.

"Ni ce mahaifiyar Shamsuddeen. Wannan ƙanwarsa ce. Za ta riƙa makara duk ranar da aka yi ruwa. Sikila ce da ita, irin tasa."

Ba ta sassauta murya ba. Masu awara suka daina juya ta a mai.

"Irin tasa?" Malam Murtala ya dube ta, ya dubi yarinyar. "Amma an ce mini zazzaɓi ne."

"Haka muka ce."

Katakon ya zame daga hammatarsa ya faɗi cikin laka, yaran da ke layi suna kallo, ba wanda ya yi dariya. Luba ta miƙa masa hannun Ummi, sai da ya karɓa sannan ta juya.

Kafin Azahar magana ta gama gari. Dangin Bello ba su aiko da wani bayani ba, sun dai daina zuwa. Isyaku ya daina cin tuwon gidan na wani lokaci. Afra'u kuwa har yau tana ɗakin uwarta, tana gaishe ta safe da yamma, amma ba ta ɗaga ido ta dube ta. Ummi tana aji uku yanzu, ba a taɓa dukanta ba.