Rediyon da Ita Kaɗai Ke Kashewa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran mijin ƙanwata kuma abokina, wanda mu 'yan rediyo muke kira Gyare. Ya rasu a gadon asibiti bayan gajeriyar jinya, matarsa na zaune a gefensa. An yi masa sutura bayan azahar a ranar. Ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya huɗu, da jikoki, da rijiyoyin burtsatse masu yawa da ke ba mutane ruwa har yanzu saboda hannunsa ya taɓa su.

Gyare, ni aka ɗora wa rubutun nan a madadin ƙungiyarmu ta 'yan rediyo, wai don na fi kowa daɗewa da kai. Na karɓa. Amma ka san halina, ba zan shafa maka mai a baki don ka rasu ba. Kana da taurin kai, ba ka iya hira ba, kuma ban taɓa ba ka aron sukundireba ta dawo hannuna ba. Sauran abin da zan faɗa alheri ne, kuma ba ƙari a ciki.

Ga wanda bai san mu ba, mu mutane ne da hukuma ta ba lasisin yin magana da juna ta rediyo, irin wanda jama'a ke kira oba-oba. Sha'awa ce kawai, ba sana'a ba, kuma kowa da lambar kiransa. Yawancinmu surutu ne ya kawo mu. Shi kuwa marigayi abin da ya ja shi daban ne. Rediyon mota irin nasa yana iya karɓar bayanin inda yake daga tauraron ɗan Adam, ya ƙulle shi a ɗan ƙunshi tare da lambar kira, ya cilla a iska. Duk mai na'urar karɓa zai ga alamar motar a kan taswira, da inda ta dosa, da gudun da take yi. Ana kuma iya aika gajeren rubutu ta wannan hanya. In ka kasa kunne ba ka jin murya, sai wata 'yar ƙara, ƙirrr, ta ɗauke. Muna tsakiyar hira sai mu ji ta a ɗaya ɓangaren rediyon, wani ya ce, "Ga gyare can ya yi kuka." Sunan ya bi shi har jikokinsa suka ɗauka na yanka ne.

Ba don burgewa ka shiga wannan harka ba, Gyare, kuma yau zan faɗi dalilin, da izinin ƙanwata. Mahaifinmu direban babbar mota ne. Muna yara ya fita wata tafiya, motar ta kife da shi a hanyar da ba kowa ke bi ba. An yi kwanaki mahaifiyarmu na zuba masa abinci tana rufewa kafin labari ya iso, a lokacin har mutanen wurin sun binne shi. Har gobe ba mu san kabarinsa ba. Ni na girma na shanye abin, ita kuwa ba ta shanye ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ta aure ka ne kana zaune a shago kana naɗin wayar injin famfo, inda in ta leƙo daga bakin titi za ta hango ƙeyarka.

Da aikin gyaran rijiyoyi masu aiki da hasken rana ya zo maka, aikin da zai riƙa kai ka ƙauyukan da wayar hannu ba ta da sabis, sai ta kafe. Ba faɗa ta yi ba. Ta ajiye almakashinta a kan keken ɗinki, a gabana, ta ce maka, "Ni ba mutuwa nake tsoro ba, kowa zai yi ta. Rashin sanin inda mutum yake ne ba zan sake ɗauka ba."

Washegari ka zo gidana ka ce, "Yaya, wannan abin naku na 'yan zaman banza, yaya ake samun lasisinsa?" Ka yi karatu, ka ci jarrabawa. Ka sa ita ma ta yi, tana tsaki tana haddace dokoki tsakanin ɗinkin riga da zane, don ta sami damar aika maka rubutu da lambarta. Ka huda rufin motarka ka kafa eriya, abin da ni ban taɓa yarda in yi wa tawa ba. Ka ɗaure rediyon a ƙarƙashin dashbod. A gida kuma ka kafa wani, ka haɗa shi da wata tsohuwar kwamfuta a kan teburin da ke hagun keken ɗinkinta, tsakanin gwangwanin maɓallai da tulin zare. Ka nuna mata 'yar alamar mota a kan taswira ka ce, "Wannan ni ne. Muddin ina waje, ba za ta ɓace miki ba."

Alkawari kaya ne, kuma naka ya yi nauyi tun a watan farko. Rediyon mota ba ya tsallake tudu. Da ka gangara bayan duwatsu sai alamar ta daskare wuri guda, ka dawo ka tarar ba ta sa komai a bakinta ba tun safe. Wani zai ce ai ya yi iya ƙoƙarinsa. Kai kuwa sai ka dubi tankunan ruwan da kake hawa kullum, ka ga ga tsayi, ga wutar hasken rana. Ka nemi izinin masu kula da kowace rijiya, ka riƙa ɗaura 'yar akwatin ƙarfe a saman tanki, mai karɓar ƙunshin ta sake cilla shi gaba. Wannan tanki ya miƙa wa wancan, wancan ya miƙa wa na gaba, har saƙo ya sauka kusa da gwangwanin maɓallai. Shekaru ka yi kana wannan aiki da aljihunka da ranakun hutunka. Ni ne mai riƙe tsani, kuma ban fasa mita ba ko sau ɗaya.

Abin da ka gina don mace ɗaya, jama'a suka sha inuwarsa. Direban motar ɗaukar marasa lafiya na wani ƙaramin asibiti ya ga abin, ka zaunar da shi ka koya masa har ya sami lasisi, ka haɗa masa rediyo kyauta. Wata ungozoma ma haka. A daminar da ruwa ya cinye gada, rubutunta ne ya bi ta tankunanka ya sanar cewa akwai mai naƙuda a ƙetare kuma hanyar gabas ce kawai ke biyuwa. Amma ba ka da sassauci a kan doka. Wani ɗan kasuwa ya taɓa roƙonka ka aika masa saƙon ciniki, ka ce lasisinmu bai yarda ba. Ya kawo maka kaji biyu, ka mayar masa da su har gida, ka kuma gyara masa famfonsa da ke yoyo tun da ka riga ka zo.

A hankali ƙanwata ta koyi karanta alamar nan fiye da mu masu ilimin abin. In ta tsaya a mararraba, ta san shayi kake sha. In ta tsaya kusa da masallacin bakin hanya, ta san salla ce. In ta juyo ta kama kwalta, sai ta ɗora tukunya. Ka taɓa yi mini ƙorafi kana murmushi: "Yaya, ni fa na ɗaure kaina da hannuna. Ko rake na tsaya saye sai an tambaye ni ina na gida."

Akwai kuma al'adarku da ba kowa ya sani ba. Ka ja wayar rediyon kai tsaye daga batir, kamar yadda muke yi, don haka ko an zare makulli yana nan a kunne. Kai ba ka kashe shi. Ka ce mata, "Ni ke kunnawa, ke ke kashewa. Sai kin gan ni da idonki tukuna." Duk ranar da ka dawo, tana jin ƙarar ƙofar gareji za ta fito, ta jira ka sauko, ta dube ka sama da ƙasa, sannan ta zura hannu ta taga ta danna maɓallin. Lokacin da babbar 'yarku ta haihu ƙanwata ta je ta zauna da ita, ka bar rediyon na ta kuka a gareji har batir ya mutu. Ni da maƙwabcinka muka tura motar da safe. Na ce, "Kai yanzu danna maɓalli ne ya gagare ka?" Ka ce, "Ba nawa ba ne." Na kira ka da sunayen da ba zan rubuta a takardar ta'aziyya ba.

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarka ka fita duba wani famfo. Da la'asar sakaliya ƙanwata tana ɗinki, ta ɗaga kai ta ga alamar ta tsaya a wurin da ba rijiya, ba masallaci, ba mai shayi. Ta ba ka ɗan lokaci, ko taya ce. Sannan ta rubuta maka, "Lafiya?" Rediyon irin wannan yana mayar da shaidar cewa saƙo ya shiga da kansa, ko ba kowa a kusa. Shaidar ta dawo mata nan take. Amsarka ce ba ta zo ba, kai da ko kana saman tanki kake saukowa ka amsa mata. Ta kira ni a waya, muryarta ba rawa, ta ce, "Yaya, na'urar ta amsa, shi bai amsa ba. Ku je."

Na kira ka da murya ta rediyo, shiru. Na duba taswira na ga wanda ya fi kusa da kai shi ne direban nan da ka koya wa. Na karanta masa lambobin wurin, ya ce ai yana ganin alamarka a gabansa, ya riga ya juya. Ya same ka ka gangara gefen hanya, ka ja birkin hannu, ɓarin jikinka ɗaya ya shanye. Hanya ce da mota kan yi wuni ba ta bi ba. Kafin rana ta faɗi kana asibiti, ita kuma tana bakin ƙofa tana jira.

Likitoci sun yi nasu, amma wa'adi ya cika. Ba ka sake magana ba, mu kuma da ma ba mu saba jin ta da yawa ba. Ka gane ta, ka riƙe hannunta da hannunka mai lafiya. Ta ba ka ruwa, ta yi maka addu'a, ta laƙƙana maka kalmar shahada, ta ga fitar ranka. Ta san wanda ya wanke ka, ta san inda aka kai ka. Abin da mahaifiyarmu ba ta samu ba, kai ka tabbatar 'yarta ta samu. Wannan ya fi ƙarfin godiyata, kuma na yi kuka a kansa fiye da yadda na yi a kan rasuwar kanta.

Abokin aikinka mai walda ne ya ɗauko motar ya ajiye a gareji. Bai san da rediyon ba. Haka muka yi zaman makoki, lambarka na bayyana a fuskar rediyon kowannenmu lokaci-lokaci, daga gidanka. Wasu suka rage murya, wasu suka kashe nasu gaba ɗaya don ba za su iya gani ba. Dokarmu a fili take: lasisi na mai shi ne, in ya rasu ba a sake aika komai da lambarsa. Kai da ka mayar da kaji ba za ka so a karya ta a kanka ba. Shugaban ƙungiya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, gidan ƙanwarka ne. Ka shiga ka kashe mana shi."

Akwatunan kan tankuna ba su ba ni wahala ba. Na bi su na mayar da su kan lambata, mai walda na hawa ina riƙe tsani, don direban nan da ungozoma suna bukatarsu. Na garejin ne na kasa. Na tsaya a jikin motar, ga hularka a kan kujera, ga sukundirebobina uku a aljihun ƙofa. Na miƙa hannu, na tuna ka ce ba naka ba ne. In ba naka ba ne, to ba nawa ba ne.

Na shiga na same ta a ɗakin ɗinki. Keken a rufe, kwamfutar a kunne, alamar motar na zaune a kan gidan. Na faɗa mata abin da doka ta ce. Ta ce ta sani, ita ma ta ci jarrabawar. Ta ce, "Kullum sai na ga ya sauko nake kashewa. Wannan karon motar ce ta dawo."

Can ta gyara mayafinta ta miƙe, na bi ta a baya. Ta tsaya inda ta saba tsayawa, ta dubi kujerar direba ta daɗe. Rediyon ya yi ƙirrr sau ɗaya muna tsaye. Ta ce, "Shekara da shekaru bai taɓa barina ina tambaya ba. Yanzu ma na san inda yake." Ta zura hannu ta taga ta danna maɓallin.

Allah Ya jiƙanka, Gyare. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ruwan da ka shayar da bayinSa ya zame maka sanyi ranar ƙishirwa. A madadin 'yan ƙungiya ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanka da jikokinka, da 'yan uwanka, da abokan aikinka, da mutanen ƙauyukan da suka zo jana'iza da ƙafa. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Ke kuma ƙanwata, Allah Ya dafa miki. Mijinki ya cika miki alkawarinsa har ranar ƙarshe, ke ma kin cika naki. Allah Ya haɗa ku a Aljanna, inda ba tafiya, ba jiran dawowa.